Yadda Malam Sammani Ya Ci Edward Na Ikko

Idan ana lissafin mutanen da Allah Ya yi wa baiwa a Fagge, a shekarun nan da ake ta maganar mulkin kai, dole a fara da Malam Sammani. In kuwa mai lissafin ya manta, shi Malam Sammani zai tuna masa. Dillalin gyaɗa ne, amma wannan don a ɗora tukunya ne kawai. Ainihin abin da aka aiko shi duniya ya yi shi ne darar Turawa, wadda suke kira ces, mai sarki da sarauniya da dawaki da ƙananan sojoji a kan allo mai gida baƙi da gida fari. A wannan fage ba a taɓa cin sa ba. Shi ya faɗa, kuma babu wanda ya fi shi sanin zancen.

Ya koyo wasan a yaƙin Bama, inda ya nuna jaruntaka mai yawa a ɗakin ajiyar barguna. A jirgin ruwan dawowa ya kara da wani Baturen soja, ya kashe masa sarki, har Baturen ya miƙe ya sara masa. Wannan Bature ya yi sa'ar haɗuwa da shi, don tun daga ranar yake samun ƙarin girma. Tsofaffin Fagge sun ce lokacin da labarin ya fara sauka garin, saje ne. Da shekaru suka ja ya zama kyaftin, ya zama manjo. A lokacin da muke magana ya kai kanar, kuma ana sa masa ran janar.

Malam Sammani ya ji cewa a ƙasashen Turai akwai laƙabin da ake ba manyan 'yan wasan nan. Ya jira a aiko masa da nasa, ba a aiko ba, sai ya tausaya wa masu aikowar saboda nisan hanya, ya naɗa kansa Gwanin Gwanaye. Ya sa aka rubuta hakan a allon ƙofar shagonsa da manyan baƙaƙe, kalmar gyaɗa kuwa aka maƙale ta a can ƙasa. Mutanen Fagge ba sa son dogon suna, sai suka taƙaita masa shi zuwa Gwangwani. In sun kira, amsawa yake yi, yana ɗauka nauyin baki ne irin na waɗanda ba su fita waje ba.

A Sabon Gari ya kafa kulob ɗinsa, a rumfar da ke bayan kantin Raji, wani Bayarabe mai sayar da yadi da kwanuka wanda ya daɗe a Kano. Sakataren kulob shi ne Nehemiya, malamin makaranta mutumin Zariya, mai sanyin hali da saurin yarda da mutane. Sauran 'yan kulob akawuna ne da teloli da ma'aikatan tasha, kuma dukansu Malam Sammani ne ya koya musu wasan. Saboda haka ƙa'idojin suna zaune ne a kansa, in ana bukatar wata sai ya ciro. Dokin kowa tsalle ɗaya yake yi, amma nasa in ya shiga matsi yakan ƙara taki, wai ƙa'idar Bama. In wannan bai fisshe shi ba, sai ya ɗage wasan kamar yadda ya ce manya suna yi, a rufe allon da ƙyalle, ba a kuma sake buɗewa. Wata rana kuma hannun babbar rigarsa ne zai yi kuskure ya share fagen duka, ya yi ta ba da haƙuri, yana cewa saura kaɗan da ya gama da mutumin.

In ya gama sai ya gyara zama ya yi musu karatu. "Ku allo kuke gani," yakan ce, "ni kuwa gobe nake gani. Kafin mutum ya miƙa hannu na riga na san inda sarkinsa zai kwanta. Abin da ke damuna a garin nan ɗaya ne, rashin abokin karawa. Ƙwaƙwalwa irin tawa in ba ta samu aiki ba tsatsa take yi."

Nehemiya ya ji tausayin wannan ƙwaƙwalwa ƙwarai. Sai ya yi ta ba abokansa na tashar jirgi labari, su kuma suka ɗauki labarin tare da gyaɗa har Ikko. Can akwai kulob na ma'aikatan jirgin ƙasa, suna da zakaransu, wani sufeto mai suna Edward, wanda ya cinye duk wanda ya zauna gabansa a bakin teku. Ba a daɗe ba saƙo ya iso ta bakin wani direban jirgi: mutanen Ikko suna gayyatar Gwanin Gwanaye ya zo su gwada.

Nehemiya ya kawo albishir yana murna. Malam Sammani ya ce madalla, amma muryar da ta faɗa ba tasa ba ce. Ya tuna kakar gyaɗa ta kusa, Raji ya ce ƙaninsa zai tsare masa shago. Ya tuna cikinsa ba ya son ruwan Kudu, Morufat matar Raji ta dafo masa tsimin sassaƙe cike da kwalba, mai ɗacin da ya sa ya warke tun a kurɓin farko. Kafin ya tuno wani abu kuma, zancen ya riga ya fita daga rumfa. Lokaci ne da komai ake auna shi da Arewa da Kudu, don haka masu shayi da 'yan kamasho da ba su taɓa ganin allon ces ba suka ɗauki abin a matsayin mutuncin Kano. Mutanen Sabon Gari ma, duk da yawancinsu daga can suka fito, suka ce ai nasu ne, a unguwarsu yake wasa.

Ran tafiya tasha ta cika. Malam Sammani ya tsaya a ƙofar tarago da akwatin wasansa a hammata, ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"Jama'a, ba don kaina zan tafi ba. Ni na wuce neman suna. Zan je ne in nuna wa mutanen bakin ruwa cewa hankali ba a tashar jirgin ruwa ake sauke shi ba. Ku yi wa yaron nan Edward addu'a, shi ke bukata."

Jirgi ya yi kuka ya tashi. Gwanin Gwanaye ya daure, ya yi ta maza har Zariya. Can ya sauka, ya ja hula ya rufe goshi, ya nufi Tudun Wada gidan yayarsa Hajja, ya ce mata zumunci ne ya motsa masa. Hajja ta yi mamaki, don rabonta da shi tun rasuwar mijinta, amma ta share masa ɗaki. Nan ya zauna ba ya leƙa ko ƙofar gida, yana cin tuwo yana tsara yadda wasan Ikko ya kasance.

Abin da bai gani ba, duk da gobe yake gani, shi ne cewa a makon nan aka turo Edward Kano duba aikin tasha. Mutumin ya yi tunanin tunda ga shi zai zo, ya hutar da dattijo wahalar hanya. Washegarin tafiyar Malam Sammani sai ga shi a kantin Raji yana tambayar kulob. Ɗan gajere ne, siriri, mai tabarau, ba ya ɗaga murya, kuma ya ji Hausa sarai don ya yi shekaru yana aiki a Kafanchan. Nehemiya ya shiga damuwa, yana tunanin malaminsu zai sha doguwar tafiya a banza. Edward ma bai ji daɗi ba, ya ce zai jira dawowarsa ya ba shi haƙuri. Kafin nan, kullum da yamma yakan zo rumfa su taɓa wasa. Ya cinye su duka cikin ladabi, yana nuna wa kowa inda ya yi kuskure. A nan ne 'yan kulob suka gano cewa tsallen doki iri ɗaya ne a Bama da Ikko da ko'ina.

Da kwanakin zuwa Ikko da dawowa suka cika a lissafin Malam Sammani, sai ya hau jirgin da ya fito daga Kudu ya iso Kano da sabuwar hula. Nehemiya da Raji suna tasha, sun zo da niyyar yi masa sannu da wahalar banza. Ƙafarsa ba ta gama taɓa ƙasa ba ya ɗaga hannu biyu ya shaida wa duk mai kunne cewa ya ci Edward, ci kuma na wulaƙanci.

Raji ya dubi Nehemiya, Nehemiya ya dubi ƙasa. Da mutane suka ɗan lafa, Nehemiya ya matsa ya ce yana da magana ta sirri. Malam Sammani ya ce masa aikin sakatare rubutu ne, ba magana ba, ya je ya shirya taron tarba. Da safe Nehemiya ya sake bin sa gida, ya tarar wanzami na yi masa aski, shi kuma yana ba wanzamin labarin yadda gwamna ya aiko a gaishe shi. Ya buɗe baki, aka ce ya jira. Ya jira har aka gama aski aka shiga gyaran gemu, sannan ya koma Sabon Gari ya gaya wa Raji ya kasa. Raji ya tuna yawan wasannin da hannun riga ya share masa, ya ce a ƙyale Malam ya huta, a kuma aro bencina da yawa.

Ran Asabar da la'asar rumfar ta cika har bakin titi, Hausawa da Yarabawa da Ibo, mata suna leƙe daga ƙofar kanti. Edward ya zo da niyyar gaisuwa, Raji ya zaunar da shi a bencin gaba, ya ce a bari sai an gama jawabi. Malam Sammani ya miƙe cikin riga mai aiki.

"Shi wannan Edward," ya ce, "ƙato ne, in ya shigo ɗaki sai ya sunkuya. Ga gashin baki kamar tsintsiya. Da ya gan ni ya yi dariya. Na ce masa, yaro, yi abarka yanzu, anjima ba za ka samu dama ba. Muka zauna. Tun kafin a yi nisa gumi ya jiƙa masa kwat. Da na kashe sarkinsa sai ya fashe da kuka, ya kama ƙafata, wai in ɗauke shi almajiri. Na ce masa ɗalibaina sun yi yawa."

Ɗan siririn baƙon da ke bencin gaba yana ta gyaɗa kai, kamar mai jin labarin wani ɗan'uwansa da ya daɗe bai gani ba. Wannan ladabi ya burge Malam Sammani. Ya ce baki ba zai iya kwatanta wasan ba, sai an gani da ido, a kawo allo. Ya duba jama'a yana neman wanda ba zai ba shi wahala ba, idonsa ya sauka a kan mai tabarau.

"Kai baƙo, taso. Yau kai ne Edward. Kada ka ji tsoro, abin da na ce ka tura shi za ka tura."

Baƙon ya ce zai yi iyakar ƙoƙarinsa, ya zauna. Aka ce ya tura sojan gaban sarki, ya tura. Aka ce ya fito da doki, ya fito da shi. Malam Sammani yana tura nasa yana juyowa yana yi wa jama'a bayanin hikimar da ke ciki. A wani juyin ne baƙon ya ga wata ƙofa a buɗe, hannunsa ya kasa haƙuri, ya ɗauki sarauniya ya ajiye inda ba a ce masa ba. Malam Sammani ya juyo ya ga sarkinsa a takure. Ya kai hannu ga dokinsa zai yi dogon tsalle, sai Nehemiya ya ce a hankali doki ba ya zuwa can, 'yan kulob kuma suka amsa baki ɗaya cewa ba ya zuwa. Ya mayar da dokin, ya janye sarki gefe. Baƙon ya ƙara turawa sau ɗaya, ya ɗauke hannunsa ya ɗora a cinya. Sarkin Gwanin Gwanaye ba shi da sauran gidan shiga.

Malam Sammani ya daɗe yana kallon allon. Sannan ya ɗago cikin fushin malamin da ɗalibi ya ba kunya.

"Ka ɓata mana wasa. Edward bai yi haka ba, ba shi da wannan basirar. Na sa ka abu ɗan kaɗan, ka zama Edward, ka kasa."

Baƙon ya cire tabarau ya goge da gefen rigarsa. "Ka yi haƙuri, Malam," ya ce. "Tun ranar da aka raɗa mini sunan nake ƙoƙari."

Nehemiya ya miƙe, kansa a sunkuye, ya gabatar da baƙon da sunansa da aikinsa da ranar da ya sauka Kano. Morufat ce ta fara dariya daga ƙofar kanti, ta toshe baki da gyale abin ya ƙi tsayawa, daga nan ya bi benci benci har ya fita titi. Edward kaɗai ne bai yi ba. Ya miƙa hannu zai gaisa, amma Malam Sammani ya riga ya tsallake benci ya fice ta bayan rumfa, ya bar akwatin wasansa da takalmi ɗaya.

Washegari ya buɗe shago kamar kullum, ya bayyana wa masu kawo gyaɗa cewa Ikko gari ne babba, Edward biyu ne a cikinsa, kuma babban ne ya sha kashi a hannunsa. Da ma zancen ya ɗan zauna, sai dai gadin jirgin da ya tafi da shi mutumin Fagge ne, ya kuma ga inda ya sauka. Tun daga lokacin, duk wanda ya ɗauki jaka a unguwar ya ce za shi Zariya, sai a raka shi bakin hanya a ce ya gai da mutanen Ikko.