Ranar da Alhaji Sodangi Ya Ɓuya wa Barewa

Duk garin da Allah ya so da alheri sai ya ba shi mutum guda wanda ya san komai. Boɗinga ta samu nata, Alhaji Sodangi, kuma har yau ba ta gama godiya ba. Dillalin albasa ne, babba, irin wanda in ya yi tari a tasha sai farashi ya motsa. In zai shigo wuri turarensa ke fara yin sallama, babbar riga ta biyo baya, sa'an nan shi. A gabansa Garkuwan Albasa ake ce masa. In ya ba da baya kuwa, Alhaji Sai-An-Gan-Ni. Ba hassada ba ce, wallahi. Mutum ne da ko jana'iza ya je, ba ya barin wurin sai ya tabbatar mamacin ne kaɗai bai gan shi ba.

A gindin tsamiyar bakin tashar albasa akwai majalisa. Benci uku ne, da tabarma biyu, da kujera guda mai hannu. Shekara goma sha biyu ke nan kujerar ba ta san nauyin kowa ba sai na Alhaji. Mai kujera shi ake fara gaisarwa, shi ake fara miƙa wa shayi, in ya ba da labari a yi dariya ko labarin bai kai ba. Da a taɓa masa kujerar nan gara a taɓa masa rumbun albasa.

Ana nan sai Alhaji Abdulaziz, abokin hamayyarsa a dillanci, ya dawo daga Kenya da hoton raƙumin dawa wanda ya ɗauka da hannunsa, an sa shi cikin gilashi. Hoto ya yi ta yawo hannu zuwa hannu. Har mutum biyu suka iso majalisa suka wuce kujera ba gaisuwa, suka tafi kallon wuyan dabba. Shayin Alhaji Sodangi ya huce a hannunsa. Da abin ya ishe shi sai ya gyara zaman hula, ya yi gyaran murya.

"Raƙumin dawa! Wanga shi na abin kallo? Dabbar da ko makaho ya lalubo wuyanta? Ni in na tashi, zaki za ni ɗauko muku, baki buɗe, har ku ƙidaya haƙora. Ku ba ni kwana arba'in. In ban kawo ba, Abdulaziz shi hau kujerag ga, ni in koma tabarma."

Baki shi ke yanka wuya. Malam Bashar, tsohon hedimasta wanda shi ke raba gardama a majalisar, ya ji tausayinsa ya ce, "Alhaji, mun yahe maka zaki. Kowane irin naman daji na mun karɓa, in dai ƙahwa huɗu gare shi, ba na gidan kowa ba, kuma kai kad ɗauka da hannunka." Aka shafa fatiha a kan haka.

Kafin mako ya zagayo an kawo wa Alhaji kyamara daga Legas, mai baki kamar taɓarya. Ya rataya ta ya je kasuwa, ya je suna, ya je ɗaurin aure. Hoton farko da ta ɗauka nasa ne, ya ba wani ya ɗauke shi. Na biyu ma haka. Saura aiki guda, ƙarami: a zaɓi dajin da ya cancanci ziyarar Garkuwan Albasa. Kullum bayan la'asar sai Malam Bashar ya sa tabarau, ya buɗe waya, yana karanto gandun daji ɗaya bayan ɗaya, Alhaji na kan kujera yana yanke hukunci.

Aka fara da Yankari ta jihar Bauchi, mai giwaye da birai da ruwan ɗumi. Alhaji ya gyaɗa kai, ya tambayi yadda ake ganin giwayen. Malam Bashar ya ce mota ake shiga tare da sauran masu ziyara, a kutsa daji a neme su, in da rabo a gani.

"A neme su? Ba a sanar da su mutum na tahe? Kuma a cusa ni mota guda da 'yan makaranta? Wuce, Malam."

Aka wuce Gashaka Gumti, can Taraba, inda ake hawan duwatsu da ƙafa. Alhaji, wanda masallacin unguwarsu ma da mota yake zuwa, ya ce shi ba ya gaba da duwatsu, su zauna inda Allah ya ajiye su. Dajin Kainji kuma laifinsa kusa. "In an ce Alhaji ina kat tahi, in ce jihar Neja? Direbana ma ya san jihar Neja." Kenya ba a ko gama faɗin sunanta ba ya ɗaga hannu, ya ce shi bai taɓa cin sauran Abdulaziz ba.

Serengeti ta Tanzaniya ce ta shiga ransa, don sunan yana cika baki. Kwana tara cur ba a jin komai a tasha sai "in na sauka Serengeti". Ya ba tela ɗinkin shadda uku na tafiya. Ya yi wa mutane alkawarin tsaraba. A rana ta goma Malam Bashar ya karanto shawarar da ake ba masu ɗaukar hoto: a sa tufa mai launin ƙasa, a zauna cikin mota, a yi shiru, kada dabba ta san da mutum.

Alhaji ya dube shi kamar ya zage shi. "Wato in hau jirgi, in ƙetare ƙasashe, don in je in zamna awa buhun albasa kada a san da ni? To mi nij je yi?"

Haka aka yi ta yi. Wannan daji ya cika zafi, wancan ba a san shi a Boɗinga ba, to wa zai yaba? Malam Bashar har ƙasashe suka ƙare masa. Rannan da safe uwargida Hauwa'u ta ajiye masa kunu ta ce, "Alhaji, jibi fa arba'in ke cika. In tabarma za a koma, ka faɗa mini in sa a saƙa maka mai taushi." Kunun nan bai shiga ba.

Ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Sai ga labari cewa a Horo Birni, can ƙasar Shagari, akwai wani tsohon maharbi, Ashiru, wanda ya san wani tafki a bayan gari. Bazara ce, ruwa ya janye ko'ina, kuma akwai barewa guda da ke zuwa sha can da la'asar sakaliya. Da yamma Alhaji ya hau kujera ya yi wa majalisa jawabi.

"Na yi nazari mai zurhi. Dazukkan ƙasashen waje na 'yan koyo na, an tara musu dabbobi awa garke. Gwani gida shika farawa. Na zaɓi Gandun Dajin Horo Birni."

Mutanen Horo Birni ba su san suna da gandun daji ba sai ranar. Da aka aika wa Ashiru, sai ya aiko da sharaɗi huɗu: Alhaji ya zo shi kaɗai, ya sa tsohuwar riga, kada ya shafa turare, ya bar mota nesa. Alhaji ya saurari saƙon da kyau, ya ce ya ji.

Washegari, ranar talatin da tara, ya fito cikin farar shadda mai ɗaukar ido, turare kuwa kamar an fasa kwalba. Mota biyu aka yi, don babban mutum ba ya fita ba rakiya. Aka ratsa Shagari ana danna ham. Aka kai motocin har bakin tafki. Kafin ƙafar Alhaji ta taɓa ƙasa, Abba maroƙi, wanda ba ya rabuwa da shi, ya diro ya toshe kunne guda ya buɗe maƙogwaro: "Ga zaki ya shigo dawa! Ƙananan namu ku yi ta kanku! Sodangi na Hauwa'u, gagara gasa!"

Ƙananan namu kuwa suka ji shawara. Zabin daji suka tashi fir, kurciyoyi suka bi su, har kwaɗin bakin ruwa suka nutse. Ashiru ya ɗora hannu biyu a ka. Aka zauna har rana ta faɗi, ko ɓera bai gifta ba. Alhaji ya ce dabbobin ƙasar nan ba su da tarbiyya. An dai samu hotuna masu kyau: Alhaji yana nuna tafki da yatsa, Alhaji yana duban nesa, Alhaji ya dafa mota.

Ranar arba'in ya dawo shi kaɗai, ba Abba, ba rakiya, fuska ba walwala. Ya ajiye mota can bakin hanyar ƙafa da manoma ke bi. Ashiru ya miƙa masa tsohuwar rigarsa ta farauta, wadda hayaƙi da gumi suka rina, ya ɗebo taɓo ya shafe masa fuska da wuya don ya kashe sauran turaren jiya. Sa'an nan ya nuna masa wani kurmin sabara ya ce ya kwanta rub da ciki.

"Ni? In kwanta ƙasa saboda akuyar daji?"

"Ranka shi daɗe, ko ka kwanta nan yau, ko ka zamna tabarma gobe. Wanda kaz zaɓa."

Ya kwanta. Kai, jama'a, a faɗi gaskiya ko ta maƙiyi ce: Alhaji ya yi ƙoƙari. Ya kashe waya, abin da bai taɓa yi ba ko a masallaci. Cinnaka suka same shi suka yi walima, bai motsa ba. Ƙaya ta soke shi a gwiwa, ya cije. Awa biyu cur Garkuwan Albasa yana kwance cikin sabara, ba wanda ya san da shi a duniya sai Allah sai Ashiru. Abin tausayi ne, wallahi, ko Abdulaziz ya gan shi a lokacin da ya ce a bar masa kujerarsa.

Can da rana ta yi sanyi sai ga ta. Barewa ce ja, siririya, tana taka ƙasa kamar ba ta son ta ji mata ciwo. Ta tsaya, ta ɗaga kunne, ta shinshina iska, ta ƙara taku uku. Alhaji ya kai ido ga kyamara, ga ta nan ta cika gilashi, har gashin idonta yana gani. Ashiru ya raɗa masa, "Kada ka danna tukuna. Bari ta sunkuya ta sa baki ga ruwa, sa'an nan ta zama taka."

Daidai nan wasu manoma biyu suka biyo hanyar ƙafa za su gida. Suna nesa, barewa ba ta ko kula su ba, ta saba da muryar masu wucewa. Amma iska ta kwaso hirarsu ta kawo har cikin sabara.

"Kai, dubi mota! Ta wa ta?"

"Ta Alhaji Abdulaziz ta mana, na Boɗinga, mai ɗaukar hoton namun daji. Wa ad da irin wagga in ba shi ba?"

Yatsan Alhaji ya yi sanyi a kan maɓalli. Ashiru ya dafa masa kafaɗa. Barewa ta fara sunkuyar da kai.

"An ce akwai wani kuma, wai shi Sodangi."

"Wane na haka? Ban taɓa jin shi ba."

Cinnaka ya jure, ƙaya ya jure. Wannan kam ina! Sai kurmin sabara ya dare, Alhaji ya miƙe tsaye zumbur, kyamara na lilo a wuya, ya kwarara ihu har tafki ya amsa: "Kai, marasa kunya! Ni ad da ita! Ni na Alhaji Sodangi, Garkuwan Albasa! Abdulaziz ko tayar wagga bai iya saye!"

Ko ƙurar barewa ba a gani ba. Manoman suka waiwayo, suka ga wani ƙato ya fito daga daji cikin tsumma, fuska duk taɓo, ganye a ka, yana cewa mota tasa ce. Babban cikinsu ya ja hannun ɗan'uwansa, ya ce da murya mai taushi, "To, bawan Allah, taka ta. Allah shi ba ka lahiya." Suka ƙara sauri, da suka sha kwana suka zuba da gudu.

Ashiru ya miƙe daga cikin sabara. Ya karkaɗe jikinsa, ya ce a ba shi rigarsa.

Da safe majalisa ta cika maƙil, har da waɗanda ba su taɓa zama ba. Malam Bashar ya nemi hoto, aka duba kyamara kaf, ba a samu mai ƙafa huɗu ba sai mota. Alhaji Abdulaziz ya yi bismilla ya hau kujera, ya ɗora hannuwansa biyu inda aka tanada. Alhaji Sodangi ya tattara shaddarsa ya sauka kan tabarma, yana bayani cewa manyan masu hoto na duniya sukan shekara ba su danna ba, gaggawa aikin 'yan koyo ce.

Bai rufe baki ba sai ga wani direban motar albasa ya iso daga Shagari. Ya wuce tabarma, ya durƙusa gaban kujera ya kwashi gaisuwa, sa'an nan ya ce, "Alhaji Abdulaziz, don Allah in ka koma Horo Birni ka riƙa kulle motarka. Zancen da aka yi ke nan yau cikin Shagari. An ce jiya wani mahaukaci ya hito daga sabara, tsamo-tsamo da taɓo, yana rantsuwa tasa ta."

Idanu duka suka gangara kan tabarma. Alhaji Sodangi ya ƙura wa kofin shayinsa ido. Tun da uwarsa ta haife shi, ranar ce aka fara yin zancensa a gabansa bai miƙe ya ce shi ne ba.