Bututun Cikin Bangon Kaka

"Ya kuma zafi, amarya?"

"Yana nan inda ka bar shi. Wane irin miji ne kai, matarka tana dahuwa a ɗaki, sai yanzu ka shigo da jaka kamar ɓarawon waya?"

Haka Kaka ta tarbi Auta, ƙanena, ko zama bai yi ba. Ni kuwa ina bakin ƙofa, bakina ya ƙi rufuwa. Yaron da na goya, na share wa majina, yau shi ne ya zo da kayan aikinsa, babu maigidansa a bayansa. Aikinsa na farko ke nan shi kaɗai, kuma a ɗakin kakarmu.

Esin ɗakinta, na'urar sanyaya ɗaki, ya mutu tun farkon zafin nan. Kawu ya sayo sabo, amma shi sabon da wani gas yake aiki, mai ƙarfi fiye da na da. Matsalar ita ce bututun da gas ɗin ke bi. Marigayi kakanmu ne ya sa aka binne bututun a cikin bango, ya bi ta bayan gadonta ya fita waje. In tsohon bututun ba zai iya da sabon gas ba, sai an fasa bangon. In kuwa za a fasa, Kawu ya ce sai ta koma gidansa kafin a gama. Ita kuma ta sani, in ta fita daga ɗakin nan ba mai dawo da ita. An daɗe ana neman dalilin ɗauke ta.

Auta ya duba kaurin bututun, ya ce ba laifi. Amma tsohon mai ya kwanta a ciki, ba ya shiri da sabon gas, sai an wanke shi tas.

"Kai da ko wuyanka ba ka iya wankewa?"

"Bututun nan sa'anki ne, tsohuwa. Duk kun yi baƙi, kun lanƙwashe, ba wanda ya san abin da ke cikinku."

"Da ni da shi mun ga zafin da ya girmi ubanka, ba mu fashe ba. Kai rana kaɗan ta taɓa ka, ga ka nan kamar jiƙaƙƙen tsumma."

Ba ƙarya ta yi ba. Ya shiga, ya fita, ya hau tsani, ya sauko, rigarsa ta manne a baya. Da ya ɗura maganin wanki a bututun, wani baƙin mai ya riƙa tsiyaya cikin gwangwani, har dai abin da ke fitowa ya yi fari. Sannan ya toshe bakin bututun na waje, ya ɗura iska daga tukunyarsa, ya maƙala wani agogo mai allura a bakin da ke cikin ɗaki. Ya ce in allurar ta tsaya cak, bututu lafiya lau. In ta sauka, akwai huda.

Muka zauna jira. Ɗakin ba iska ko ta magani. Kaka ma ta gaji da tsokana, ta jingina da bango tana numfashi sama-sama. Auta ya fita ya watsa ruwa a fuska. Da ya dawo, sai ya tarar an lulluɓe agogon da ɗankwali.

"Allurar kunya take ji," in ji Kaka. "Ka tsare ta da ido kamar ba ka taɓa ganin mace ba."

Ya ɗaga ɗankwalin. Allura ta sauka.

Can sai Kaka ta yi ƙasa da murya.

"Ka ce wa kawunka ta tsaya. Wa zai sani?"

"Gas ɗin zai sani. Ya tsiyaye, ki koma dahuwa, a ce mijinki bai iya aiki ba. Yaya, kawo min sabulu da ruwa."

Ya shafa kumfa a bakin bututun na cikin ɗaki, ba alamar huda. Ya fita waje ya sake hawa tsani, ni ina riƙe masa. Can sama, daidai inda bututun ya leƙo daga bango, kumfa ta fara ƙwai-ƙwai, alamar iska na fita. Kuma daidai wurin ne aka ɗaure igiyar shanya. Shekara da shekaru zannuwan Kaka suna jan wuyan bututun, har ya tsage.

Auta ya leƙa ta taga.

"Amarya, wa ya ɗaura igiya a nan?"

"Kakanka."

"Kakana ya rasu kafin a ƙera irin wannan igiyar roba."

"To dawowa ya yi. Mutum ne mai son aiki, ba irinka ba."

Ya yanke inda ya tsage, ya haɗa sabon guntu da wuta, ya sake ɗura iska. Wannan karon Kaka da kanta ta ja kujera gaban agogon, ta ce ko ƙuda kar ya sauka a kai. Muka jira har inuwa ta juya. Allura ko motsi. Auta ya duba, ya sake dubawa, sannan ya zube a ƙasa ya miƙe ƙafa. Ni dai sai da na fita tsakar gida na ɗan taka rawa, don in na yi a ciki Kaka za ta ce na haukace.

Da na dawo, tana dariya ƙasa-ƙasa, ta miƙa masa maficinta.

"Ungo, na yarda kai miji ne. Tafi da shi, na sallame shi daga aiki."

Auta ya karɓa ya hau fifita kansa.

"Igiyar fa?"

"Ka buga min ƙusa. Sannan ka kira kawunka, ka ce ɗakin da ya share min a gidansa ya zuba kaji."