Rasuwar Injin Askin Baban Shugaba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, malamin lissafin nan da aka fi sani a gida da Baban Shugaba yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar injin askinsa, wanda rai ya yi wa halinsa da safiyar yau Litinin, yana tsaka da aiki, daidai bayan kunnen hagun mai shi.

Marigayin ya shigo hannun malam shekara tara da suka wuce, tun malam yana tuzuru. Ya san kan malam lokacin da gashi ya cika shi, ya kuma ga ranar da sanƙo ya fara leƙowa ta goshi, amma bai taɓa faɗa wa kowa ba. Ba shi da surutun masu aski na shago, ba ya tambayar mutum ra'ayinsa kan ƙwallo. Iyakar maganarsa "zzzzz," in caji ya yi ƙasa kuma ya ja ta a hankali, cikin ladabi. Ya yi haƙuri da ƙanin malam, mai aronsa ya dawo da shi cike da gashi, ba ko ɗigon mai.

Rashin lafiyar gajeriya ce. Malam yana da 'ya mai shekara uku da rabi, wadda ake kira Shugaba saboda ba a cin abinci, ba a canza tasha a gidan sai da izininta. A makon jiya aka koya musu a makaranta cewa duk abin da ya yi datti a yi masa wanka. Ta ɗauki darasin da muhimmanci. Ta wanke silifas ɗin Kaka, ta wanke albasa uku da sabulu, ta nemi ta wanke kyanwar maƙwabta, kyanwar ta ƙi ba da haɗin kai.

Jiya da rana, mamanta tana shanya, Kaka kuma da aka bar wa tsaronta tana "hutar da ido" a kan kujera, Shugaba ta taka bokiti ta sauko da akwatin marigayin. Ta ga gashi maƙale a haƙoransa, tausayi ya kama ta. Ta tsoma shi a ruwan kumfa, ta goge masa haƙora da burushin babanta, ta tsane shi da tawul, ta barbaɗa masa hoda. Sannan ta mayar da shi akwati, ta lulluɓe shi da hankici.

Da safe malam ya ji ƙamshin hoda, bai kawo komai a ransa ba. Ya fara aski daga dama, komai lafiya lau. Yana ƙetarawa hagu sai marigayin ya yi tari, ya ce "grrr... tak," kumfa ta fito masa ta baki. An yi iya ƙoƙari. Malam ya girgiza shi, ya buga shi a tafin hannu, ya roƙe shi da sunan tsohon zumunci. Matarsa ta kawo na'urar busar da gashi, amma dariya ta hana ta riƙe ta daidai. Mai gyaran da aka kai wa daga baya ya buɗe cikin, ya daɗe yana kallo, ya tambaya ko a kogi aka tsinto shi.

Bincike bai ɗauki lokaci ba, domin wadda ake zargi da kanta ta kawo rahoto, tana jiran yabo.

"Ni na yi masa wanka, Baba. Ko kuka bai yi ba."

Malam ya cika ƙirji zai yi faɗa. Kaka ta janye jikarta bayan zane, ta tuna masa, a gaban matarsa, cewa shi yana wannan shekarun ya shayar da rediyon babansa shayi don ya ji muryar mai labarai ta dishe. Nan take aka kori ƙarar. Malam ya danna hula har gira ya tafi aiki, inda ya tarar darasin ranar a kan rabi da kwata ne. Bai taɓa koyar da shi da ɗacin rai irin na yau ba.

Marigayin ya rasu ya bar caja ɗaya, wadda har yanzu take maƙale a bango ba ta san abin da ya faru ba, da matazai uku, na huɗun yana hannun 'yartsanar Shugaba tun bara, da 'yar kwalbar mai, da aikin da bai ƙarasa ba.

Za a yi jana'iza yau da ƙarfe biyar na yamma. Za a ɗauko gawar daga kantar banɗaki zuwa aljihun teburin talabijin, inda tsofaffin wayoyin gidan suke kwance. An yafe wa uwargida halarta, tunda ta kasa riƙe fuskarta. Ƙanin malam zai iya zuwa, amma ba abin da zai ara.

Za a karɓi gaisuwa a falo. Shugaba ce ta fara yin tata, ta hau cinyar babanta, ta ɗaga hular ta leƙa, ta shafa masa kumatu.

"Kar ka damu, Baba. Ina da almakashi a jakata. In ka yi barci zan gyara maka."

Don haka ana roƙon masu zuwa ta'aziyya, duk wanda ya ga malam ya fara gyangyaɗi, ya taimaka ya tashe shi.