Kan Kwaɗon Madam a Ƙarƙashin Gadona

Ba zan taɓa mantawa da makon da Sani ya cika wata bakwai ba, don a makon ne na zubar da mutuncina da hannuna. To, ba da hannu ba ma, za ku ji.

Tun da na haifi yaron nan nake cikin tsoron bakin mutane. Maƙwabciyata a Zango, Falmata mai ɗinki, ta shigo rannan ta ɗaga shi sama ta ce, "Kai, wannan yaro ya yi ƙiba!" Na tsaya ina jiran tubarkalla. Ba ta faɗa ba. Kwana uku sai ga zawo, ga zazzaɓi, ga kuka. Na kai shi likita, suka ce haƙori ne. Na ce to, amma zuciyata tana gidan Falmata.

Ranar Alhamis da hantsi, babbar 'yata Hadiza ta tafi lakwal, wato makarantar boko, ina shara sai tsintsiya ta taɓo wani abu a ƙarƙashin gado, daidai inda nake kwantar da Sani. Ƙunshi ne cikin ƙyalle. Ƙyallen kuwa na san shi, ragowar atamfar da Falmata ta ɗinka wa kanta ce, mai zanen ganye. Na sa muciya na warware. Kai ne. Kan wata dabba, fari fat, shimfiɗaɗɗe kamar bakin fartanya, ramukan ido biyu a sama suna kallona, ga ƙananan haƙora a jere. A ƙasansa an yi rubutu da lambobi (ni da na bar lakwal a aji uku, duk rubutun da na kasa karantawa na malaman tsibbu ne).

Kakata ta ƙauyen Zermu ta koya mana abin yi in an tsinci asiri: kar ka taɓa da hannu, kar ka yi magana, ka yi masa fitsari ya karye. Na tura shi da muciya har makewayi. Na bi umarnin kakata. Kuma saboda son ɗana, ban yi rowa ba.

Na zuba shi a leda da ƙyallen na nufi ƙofar Falmata, Sani a baya.

"Falmata! Fito ki karɓi aikenki!"

Ta fito da almakashi a hannu. Mata sun fara leƙowa. Na zazzage ledar a gabanta na ce, "Ƙyallen wa ne wannan?"

"Nawa ne. Hadizarki ta roƙa jiya na ba ta. Ke Maman Sani, lafiyarki kuwa? Kuma warin mene ne haka?"

Ban kai ga amsa ba sai ga Hadiza da gudu tana haki. "Inna, na manta kan kwaɗon Madam! Na ɓoye shi ƙarƙashin gado don kar ya fashe." Idonta ya sauka a ƙasa. Ta fashe da kuka.

Dole na mayar da shi a leda na bi ta lakwal, don cewa ta yi ko za a yanka ta ba ta kai shi ita kaɗai. Falmata ta yafa gyale ta biyo mu, wai ba za a ba ta labari ba.

Madam, malamarsu, ta tarbe ni da fara'a a gaban yara cike da aji. Ta ce ai Hadiza ta fi kowa iya zane, shi ya sa aka ba ta aron abin ta zana a gida. Wai wata dabba ce dangin kwaɗo, mai kai irin na kada, da ta rayu a arewa wajen Arlit lokacin da ruwa ke gudana a wurin, tun ba a yi mutane ba. Ƙashinta ya zama dutse, masu bincike suka tono. Wannan ma kwaikwayo ne, da farar ƙasar ɗaurin karaya aka yi shi, kuma shi kaɗai lakwal ɗin ke da shi.

Sai ta buɗe ledar. Ta ja da baya. Hancin ya yi laushi, farin ya koma ruwan ɗorawa.

"Ruwa ya faɗa?"

Na hau gyara goyo. Falmata ta ce, "Madam, ruwa ne, amma ba na randa ba. Karya shi ta yi irin na mutanen Zermu."

Madam 'yar ƙauye ce ita ma. Ta gane. Ta juya ga allo, kafaɗunta suna rawa. Yara kuwa har da masu bugun tebur.

Na dawo da shi gida na wanke sau uku, na shanya a rana, na mayar wa Madam ba hanci. Washegari haƙoran Sani biyu suka fito, zawo ya tsaya. Na soya ƙosai na kai wa Falmata na ba ta haƙuri. Ta karɓa, ta ɗauki Sani, ta kalle ni cikin ido ta ce, "Tubarkalla, tubarkalla, tubarkalla. Ya isa, ko in ƙara, kar a jiƙa min keken ɗinki?"

Har yau ban gama yarda da kwaɗo mai haƙora ba. Amma na koyi cewa abin da ya yi wannan daɗewa a mace ba ruwansa da ɗana. Don Allah, in kin tsinci ƙunshi a ɗakinki, ki riƙe mararki har yara su taso daga lakwal, ki tambaye su tukuna.