Kabarin Aro

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na ari kabari ba. E, kabari na ce, ba zani ko tukunya ba. Har yau in abin ya faɗo mini a rai sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Mahaifiyata, Mama Saratu, 'yar Bature ce. Ubanta mutumin Ireland ne da ya zo haƙar kuza a Bukuru, ya zauna da kakata shekara uku, ya tafi tun Mama ba ta fara tafiya ba. 'Yan bariki suna ce masa Mai Lofe. Abin da ya bari bai cika tafin hannu ba: hoto ɗaya da ya koɗe, katin baftismar Mama mai ɗauke da sunansa, Thomas Doyle, sai wasiƙa guda daga London, wadda daga ita ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Ni kuwa tun ina firamare nake cika baki da wannan bawan Allah. Na gina masa gidan bene, na ba shi dawakai da gonaki, duk da bakina (akwai shekarar da na naɗa shi ƙanin sarkin ƙasarsu, ban san ba su da sarki ba). Har na girma na zo London, na sami aikin ofis a Aldwych, na kama flat a Barking, ban daina jefa zancen "kakana Bature" cikin hira ba.

Sai Mama ta zo a duba mata yanar ido. Tana buɗe akwati ta miƙo mini wani gwangwanin madara da aka ɗaure bakinsa da tsumma.

"Auta, ƙasar kabarin uwata ce," in ji ta. "Ki nemo mini inda ubana yake kwance. Ba na son komai nasa. In zuba masa wannan, in gaya masa mun rayu. Na san in na koma gida ba zan sake hawa jirgi ba."

Na ce mata ta sa a ranta an gama. Wata biyu na yi ina fama. Ashe mutanen nan suna sa wa ɗan fari sunan kakansa, don haka a yankinsu na Wexford duk takardar da na buɗe sai in ga Thomas ɗan Thomas. Sunan ƙauyen da ya ambata a wasiƙar ne ya cece ni. Na rubuta wa cocin ƙauyen, suka turo mini hoton shafin baftismarsa, daga nan na bi sawunsa har takardar mutuwarsa. Ba bene, ba doki. Leburan gini ne, ya rasu a ɗakin haya kusa da Whitechapel, aka binne shi a wata makabartar Katolika a gabashin London.

Na fara zuwa ni kaɗai. Matar ofishin makabartar ta ba ni lamba da taswira, na bi har inda lambar ta ƙare. Ciyawa ce kawai. Na koma na ce mata an yi kuskure. Ta ce babu kuskure, kabarin gayya ne, a da haka ake haɗa marasa galihu su da yawa a rami ɗaya, ba a kafa musu dutse.

Da na ce muku tausayi ne ya kama ni, da na yi ƙarya. Kunya ce. Yaya zan kawo tsohuwa tun daga Jos in nuna mata ciyawa? Ina tafe ina wannan tunani sai idona ya faɗa kan wani baƙin dutse mai sheƙi, layi uku daga wurin, da gicciye da fure sabo. Thomas Doyle. Shekarun ba su yi daidai ba, kuma akwai sunan mace a ƙasan nasa, na gani sarai. Amma zuciyata ta ce, ai Mama ba ta gani sosai, kuma matacce ba ya kai ƙara.

Ranar Asabar na yi booking ɗin taksi. Mama ta ɗaura zanin zumuntar matan coci, ta rungume gwangwaninta kamar jariri. Na kai ta gaban dutsen, na ɗora hannunta a kan rubutun.

"Ga shi, Mama."

Ta shafa, ta sake shafawa. Ta durƙusa da ƙyar, ta ce, "Baba, ni ce Saratu." Shekararta kusan tamanin, ranar ce ta fara kiran wani Baba. Sai ta ɗauki waƙar da muke yi wurin jana'iza, ni kuma ina amshi (makira, har da hawaye).

Ba mu kai ƙarshen waƙar ba na ji motsi a bayanmu. Wata tsohuwar Baturiya ce, 'yar siririya, da butar ban ruwa a hannu ɗaya da fure a ɗayan. Ta tambaya cikin ladabi ko mun ɓata hanya ne.

Kafin in haɗa wata ƙaryar, Mama ta ɗago da ɗan Turancinta na mishan ta ce mata wannan ubanta ne, ta zo daga Najeriya.

Butar ta suɓuce. Matar ta dubi Mama, ta dubi hasken fatarta, ta dubi dutsen, sai ta zauna a gefen kabarin.

"Ubana ne," ta ce. "Uwata ma tana nan tare da shi. Duk Asabar nake zuwa, shekara da shekaru. Ya ce mana bai taɓa wuce London ba." Ta rufe bakinta da hannu. "Ashe ban san shi ba. Ashe uwata ta mutu ba ta sani ba."

"Me ta ce, Auta?" in ji Mama.

Wayyo ni. Na fassara mata, don ba yadda zan yi. Mama ta miƙa hannu tana lalube har ta kamo na matar, fuskarta ta washe.

"Ashe ina da 'yar'uwa! Auta, gaya mata ba rigima na zo yi ba."

Ga tsofaffi biyu riƙe da hannun juna, ɗaya na kukan murna, ɗaya na kukan an rushe mata uba, ni ce kuma na haɗa abin da hannuna. Mama ta fara kwance tsumman gwangwanin. A nan ne na ga in ƙasar nan ta zube a kan wannan kabari, ba mai iya kwashe ta har abada. Na riƙe hannunta.

Sau biyu na yi iƙirarin zunubina, da Turanci sannan da Hausa, kuma na Hausar ya fi ɗaci. Baturiyar ta yi ajiyar zuciya, ta yi alamar gicciye, ta ce wa dutsen, "Yi haƙuri, Baba." Ni ko kallona ba ta yi ba.

Mama ta saki hannun matar, ta juyo wajena. Na so ta zage ni, wallahi da ya fi mini sauƙi.

"Ina yake?" ta ce.

"Mama, ba dutse. Ciyawa ce kawai. Da wasu aka haɗa shi."

"Na tambaye ki dutse? Kai ni."

Na kai ta. Ta tuɓe takalmi, ta taka ciyawar a hankali, ta zauna dirshan.

"Ashe kai ma wahala ka sha," ta ce. "Duk tsawon rayuwata ina zaton kana cikin daula ka manta da mu. Na daɗe ina jin haushinka, Baba. Yau na sauke."

Ta zuba ƙasar, ta baje ta da tafin hannu har ta shige cikin ciyawa. Ta gaya masa sun rayu, ta lissafa masa jikoki ɗaya bayan ɗaya, har da ni, ba ta tsallake ba.

Ban san Baturiyar ta biyo mu ba sai da ta raba furenta biyu ta ajiye rabi kusa da gwiwar Mama. Ta ce kakanta ma a irin wannan ramin yake, can gefen katanga, yawancin waɗanda suka tsallako daga Ireland neman aiki nan suka ƙare. Sannan ta juyo gare ni karon farko.

"Ke kuma, in kin sake bukatar ubana, ki fara tambayata."

A taksi Mama ta ce, "Da kin bar ni a wancan dutsen, da na koma gida da haushina." Iyakar faɗan da ta yi mini ke nan. Ta rasu a Bukuru shekara biyu bayan haka.

Yanzu in an tambaye ni labarin kakana, cewa nake lebura ne, kuma ba na ƙara masa ko akuya. Nakan je in zauna a ciyawar nan lokaci-lokaci. In zan fita sai na ratsa ta wajen baƙin dutsen in gaida mai shi, don mutumin da ka ara ba da saninsa ba, ko ba komai ya cancanci gaisuwa.