Baƙin Dutsen Kaka Yelwa

"Lafiya lau, uwargida. Ya tsufa?"

"Tsufa yana gidanku! Dubi wuya kamar na zalɓe. A Zariyar ba sa ba ku abinci ne?"

Halliru ya durƙusa gaban kakarsa Yelwa, amma ba gaisuwa ce ta ɗauko shi daga jami'a zuwa Kurugu ba. Idonsa na kan baƙin dutsen da take danne faifan ƙwaryar nononta da shi. Ya riga ya cika wa malaminsa baki cewa zai kawo shi, ga motar komawa da la'asar za ta tashi.

"Amarya, ba ni aron dutsen nan mana."

"Yanzu na koma amarya? Wannan da kake gani, da rana tsaka ya faɗo gonar kakanka, da ƙara. Aka ce aradu ce. Sai da na juye ƙwaryar madara guda a ramin kafin a taɓa shi. Kakan naka ya ɗauko ya ba ni. Mijina na fari daga sama ya yi mini lefe. Kai ko sabulu!"

"Ai ba aradu ba ce, asarar madara kika yi. Ɓallowa ya yi daga uwarsa. Uwar tasa wani ƙaton dutse ne can gaba da duniyarmu, faɗinsa ya fi daga Ƙaraye zuwa Kano."

"Ƙarya dai ba ta ba ka ciwon kai. Da girman nan ban taɓa ganinta ba?"

"Baƙa ce ƙirin, jikinta duk sinadarin gawayi, hasken rana ma shanye shi take. Ga rashin nauyi, ga ramuka ko'ina. Ke dai kamar kin haife ta."

"Ungo naka! Da baƙin nawa kakanka ya sayar da bijimi ya aure ni. To me ya riƙe ta a can?"

"Tafiya take. Tana juyi tana zagaya rana, sai ta yi shekara huɗu da ɗoriya kafin ta dawo inda ta tashi."

"Amma tana dawowa?"

"Ba fashi."

"To ta fi ka zumunci. Rabonka da gidan nan tun kafin jar saniyata ta haihu, ga 'yarta can da ciki."

Halliru ya sosa ƙeya. Daga bakin kasuwa ya jiyo yaran mota sun fara kiran Rogo da Zariya.

Yelwa ta daɗe tana juya dutsen a tafin hannunta. Can ta jawo taɓarya, ta ƙwanƙwasa gefensa a hankali, ɗan gutsure ya ɓalle kamar ƙanzo. Ta ƙulle shi a tsumma ta cusa masa a aljihu, ta mayar da sauran kan faifai.

"Iyakar rabonka ke nan, kuma aro ne. In uwar dutsen ta riga ka zagayowa, malamin naka zan aura."

Halliru ya tuntsire da dariya. "Na tuba, uwargida. Da ƙaramar Sallah za ki gan ni."

"Da sabulu."