Yadda Za Ka Bar Gahawar Kawunka Ta Huce

Kwat biyu. Takardar digiri a cikin kwali. Kwamfuta mai salatif manne a idon kamara. Cakulan na dangi. Maganin gwiwa na uwa. Da wannan kaya Kusai ya dawo daga Holan, inda ya karanta dokar intanet da kare bayanan mutane. Yana cikin tasi a hanyar garinsu Irbid direba ya tambaye shi ɗan gidan wa ne. Kafin su wuce Jarash, direban ya gaya masa yarinyar da uwarsa ta zaɓa masa, da dalilin da ya sa ta fasa.

Idan kana son zama lauyan sirri a garinku, kuma dangi su daina kiran ka cin mansaf, wato shinkafa da naman rago, bi sawun Kusai. Sakamako tabbas ne.

1. Buɗe ofis inda kowa zai gani

Kada ka nemi lungu. Karɓi ɗakin da ke saman kantin maganin kawunka Abu Ziyad, tunda shi ya ba ka. Matakalar tana kallon shagon aski, shagon aski yana kallon barandar uwarka. Kafa allo ka rubuta: Sirrinka Amana Ne. Duk wanda ya hau, kafin ya zauna an san shi, an san surukinsa.

2. Yi wa dangi wa'azi

Ranar Juma'a, hannun kowa na cikin shinkafa, ka fara bayanin lambar sirri. Kusai ya ce a daina tura hoton katin shaida a zauren iyali na waya. Uwarsa ta ce tata lambar duk layin sun sani, don idan ta manta wa za ta tambaya? Kawu ya ce mutumin kirki ba shi da abin ɓoyewa, sannan ya kifa wayarsa a cinya.

Daga ranar za su riƙa ce maka ustaz, kamar yadda ake kiran kowane lauya a can, amma da dariya a ciki. Masana sun tabbatar dariyar ba ta kisa.

3. Jira

Goggo za ta zo a buɗe mata shafin da ta kulle kanta a waje. Maƙwabci zai zo a leƙa masa wayar matarsa. Ka ce masa laifi ne. Zai tambaye ka to me ka je karantawa.

4. Karɓi shari'ar da mai hankali zai ƙi

Wata rana bayan azahar, mai aski na gyangyaɗi, wata mace ta hau matakala da niƙabin aro. Malamar makaranta ce. Wani saurayi da ta taɓa yarda da shi yana riƙe da hotunanta, ya ce ko ta dawo masa ko ya tura wa yayyenta. Ba ta yi kuka ba. Abu ɗaya ta roƙa: kada maganar ta kai gidansu. Idan ta kai, aikinta ya tafi, kuma aikin ne mafi sauƙin abin da za ta rasa.

Ta faɗi sunan saurayin. Ziyad ne, ɗan mai ɗakin da suke zaune a ciki.

Mai hankali zai tura ta wurin wani lauya a Amman. Kai ba don hankali kake karanta wannan ba. Kusai ya kai ƙara sashen laifukan intanet, aka kira Ziyad, aka karɓe wayarsa.

5. Zuba gahawa

Ziyad ya ƙi gaya wa ubansa sunanta. Ba mutunci ba ne: ya san yayyenta, ya kuma san da wa za su fara. Don haka Kawu ya tattaro dattawa ya zo gidan ƙanwarsa. Kusai, a matsayin namijin gida, ya zuba masa gahawa. Kawu ya karɓi kofin ya ajiye a ƙasa, bai kurɓa ba. Ba zai sha ba sai an biya masa buƙata.

"Ɗan 'yar uwata," in ji shi, "yaron ya yi abin kunya, na kuma mare shi. Ba mu sunan gidan. Mu je da mutane mu ba ubanta haƙuri, a rufe magana. Kotu ta marasa dangi ce."

Lura, babu mugunta a ciki. Da irin wannan zama aka kashe rikicin gona, da hatsarin mota, har da jini. Sai dai dattawa a ƙofar ubanta, shi ne daidai abin da Ziyad ya yi barazanar yi, illa wannan da sallama ake shiga.

6. Kada ka ce a sha

Magana ɗaya ake jira daga bakinka: sha gahawarka. Riƙe ta. Kusai ya ce sunan ba nasa ba ne balle ya bayar. Wani tsoho ya ce Holan ta wanke masa kunya. Wani ya tambaya ko Turawan ne za su ɗauki gawarsa. Kusai ya kalli kofin.

Sai Kawu ya juya wajen ƙofar ciki, inda ya san ƙanwarsa na tsaye tun shigowarsu.

"Umm Kusai, ke fa? Kaza ba ta wucewa a layin nan ba ki san wadda ta ƙyanƙyashe ta ba."

A nan Kusai ya gane kuskurensa. Ya tanadi sirri a kwamfuta, ya manta da baranda. Kallo ɗaya ya yi wa uwarsa ya gane ta sani.

"Idona ya lalace, yaya," ta ce. "Ai kai kake sayar min da maganin."

Gahawa ta huce. Kawu ya miƙe, ya ce mabuɗin ofis ya same shi a kanti da safe. Dattawa suka bi shi, kowa yana neman takalminsa ba tare da kallon kowa ba.

7. Rufe ƙofa

Kusai ya tambayi uwarsa tun yaushe ta gane malamar. Ta ce tun daga takalmi. Niƙabi ba ya kaiwa ƙafa.

"Yumma, wa kika gaya wa?"

"Babu kowa. Yana nan yana ci na kamar gyambon ciki. Karɓi wayar nan ka ɓoye, ban yarda da kaina ba."

Ya sa wayar a aljihu. Ya ɗauke kofin daga ƙasa ya zubar. Sannan ya tura ƙofar zaure, ya murɗa mabuɗi.

"Ofis ya dawo ɗakin baya, ta ƙofar lungu," ya ce. "Ƙarar kuma ba zan janye ba."

Gargaɗi

Idan ka bi matakan nan aka cire ka daga zauren iyali, ko ka koma sayen maganin ciwon kai a wata unguwa, babu ruwan mai wannan rubutu. Ba a yi maka alkawarin uwa irin ta Kusai ba. Masu son jin sunan malamar kuma kada su wahalar da kansu. A nan ma ƙofar a rufe take.